A fara da kambo kafin Khartoum

Jama'a tun da sojojin Sudan suka karɓe birnin Wad Madani a Janairun 2025 ake ta maganar gyaran asibitoci, kowa Khartoum Khartoum, a dawo da manyan asibitoci, a dawo da injinan wankin ƙoda. Wallahi ina so a gyara su. Amma mutanen kambo fa, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gona (jam'insa kanabi), waɗanda ko kafin yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ba su da ko ɗakin shan magani, su a ina suke cikin lissafin?

Aikin noman Jazira tun 1925 yake, kuma iyayenmu da kakanninmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar nan da hannunsu, Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma da mutanen Darfur, amma har gobe yawancin kanabi ba famfo, ba ungozoma mai horo, ruwan tura'a, wato magudanar ban-ruwa, ake sha a yi wanka a ciki a wanke kwanuka, yara suna fitsarin jini saboda tsargiya har an ɗauka haka girman namiji yake. Mace naƙuda ta tsananta mata cikin dare da damina, sai a ɗora ta a keken jaki cikin laka, hanyar da ko mota ba ta bi.

Wanda ya fi ci min rai shi ne madura, ciwon ƙafar nan da ake ce wa nabit. Ƙaya ce kawai take soke manomi a gona ko makiyayi, wurin ya yi ɗan ƙulli ba zafi, mutum ya ci gaba da aikinsa shekara da shekaru, ana zuwa wajen mai magani ana shafe-shafe, har ƙwayar ta ci ƙashi. Ranar da aka haɗa kuɗin mota aka kai shi birni likita ya ce sai yankewa. Cibiyar da ta shahara a duniya kan ciwon tana Soba a Khartoum tun 1991, Farfesa Ahmed Fahal ya yi mata hidima Allah ya saka masa, yaƙi kuma ya tsayar da aikinta. Amma ko lokacin zaman lafiya mai ciwon yana ƙauyen Sinnar, likitan yana Khartoum, maganin kuma a sha shi shekara guda ko fiye, wa zai biya wa ɗan ƙwadago?

Ni ra'ayina kuɗin farko da ya shigo a kai shi ƙasa. A ɗauki 'ya'yan kambo da na Mayurno da ƙauyukan Gadarif a koya musu aikin jinya da ungozomanci, su koma cikin nasu, don tsohuwar da ba ta jin Larabci sosai ba za ta iya faɗa wa baƙo abin da ke damunta ba. A daina kuma tambayar lambar ɗan ƙasa kafin a ba mutum katin ta'amin, wato inshorar lafiya, da yawa takardunsu sun ƙone ko sun ɓata a gudun hijira, wasu tun rikicin Damazin na 2022 ba su sake samun ko ɗaya ba.