Ma'aunin Chandra ma ya tsufa

Malam marubuci, ka ce na'urar hangen sama ta Chandra, wadda ke kewaya duniya a sararin samaniya, tana aiki tun 1999, gaskiya ne, amma ka tsallake inda gizo ke saƙar. Kyamararta ACIS tana auna ƙarfin kowane ɗigon hasken X-ray da ya faɗo mata. Tun a watannin farko ƙwayoyin furoton na zoben Van Allen, wato yankin ƙwayoyi masu cajin lantarki da ya kewaye duniya, suka lalata wasu sassanta. Cajin lantarki ya riƙa zubewa a hanya kafin a karanta shi, sai awon ya fito ƙasa da yadda yake. Shi ya sa ake sanyaya ta zuwa kusan digiri 120 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ana kuma gyara lissafin lokaci zuwa lokaci.

Da me ake gyaran? Da ɗan sinadarin Fe-55 da aka ɗora mata, wani nau'in ƙarfe mai ba da hasken X-ray da aka san ƙarfinsa, daidai 5.9 keV (ma'aunin ƙarfin ɗigon haske), sai a gwada awon kyamarar da shi. To shi ma duk shekara 2.7 rabinsa ke ƙarewa, yanzu saura ƙiris. Dole masu kula da ita suka koma dogaro da Cassiopeia A, ragowar tauraron da ya fashe. Don Allah a faɗaɗa wannan ɓangaren a rubutu na gaba.