Ƙannena, Ƙwanjin Kemis Ba Ƙarfi Ba Ne

Assalamu alaikum ƙannena. Na san tun kafin ku kai ƙarshen rubutun nan wasunku za su ce tsoho ya tashi da faɗa. Ku faɗa, ba komai, amma ku daure ku karanta.

Daren jiya na tsaya a wani kemis na unguwarmu zan sayi maganin mura na yara, sai ga samari uku sun shigo, kowanne sanye da riga mai ɗame jiki. Babbansu bai wuce shekara ashirin ba. Ya zaro waya ya nuna wa mai kemis hoton wani ɗan resilin, ya ce allurar da za ta mai da shi haka yake so, kuma kafin Sallah. Kafin Sallah fa! Mai kemis, wanda a haife ya haife shi, bai ce masa kanzil ba, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko kwali. Ba takardar likita, ba tambayar ko yana da hawan jini, ba komai, sai ƙirga kuɗi. Da na kasa haƙuri na sa baki, yaron ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, ai jikina ne."

To ɗana, ko ƙanena, tunda hoton ɗan resilin ka nuna, zauna in ba ka labarin masu irin wannan jiki. Mun riga ku kallon resilin. Tun ana kallonsa a kaset, a gidan kallo mai benci da janareta, muke bibiyar mutanen nan, kuma mun rayu har mun ga yadda suka ƙare. Ku ƙirji kuke gani da bel, mu kuwa labarin jana'iza muka yi ta ji.

Akwai wani Eddie Guerrero. An haife shi a 1967 a El Paso, jihar Texas ta Amurka, a bakin iyakar Meziko. Gadon gidansu ce kokawa: mahaifinsa Gory Guerrero shahararren ɗan kokawa ne a Meziko, yayyensa maza uku duk sana'ar ke nan. Tun yana ɗan ƙarami yake birgima a dandalin kokawa, ya yi wasa a Meziko, ya je Japan ya yi da fuska a rufe, ya dawo Amurka ya shiga kamfanin WCW a 1995. Gwani ne na gaske, wanda ya taɓa ganin yadda yake dira daga kan igiya ya san ba yabon banza nake yi ba. Sai dai ba dogo ba ne, ba kuma ƙato ba, a sana'ar da masu ita suka fi son ƙatti. Ya zama dole ya tara nama a jikin da Allah bai halitta don ɗaukar wannan nauyin ba.

Ranar farko ta shekarar 1999 ya yi mummunan haɗarin mota, ya sha da ƙyar. Bayan 'yan watanni ya koma dandali, domin a sana'ar nan in ka kwanta wani ya haye gurbinka. Ciwo bai gama warkewa ba, kullum ana maka shi da ƙasa, sai ƙwayar kashe zafi ta zama abokiyar tafiya, giya ta biyo baya. Ya koma kamfanin WWF (wanda daga baya ya zama WWE) a farkon 2000, a 2001 aka tura shi gidan gyaran masu shaye-shaye, kafin shekarar ta ƙare aka kama shi yana tuƙi a buge, kamfanin ya sallame shi. Aure ya girgiza, dukiya ta tafi.

Abin da ya sa nake jin tausayin mutumin nan shi ne ya tuba daga shaye-shayen. Ya daina, ya gyara tsakaninsa da iyalinsa, aka mai da shi aiki a 2002. A watan Fabrairun 2004 ya ci Brock Lesnar, ƙaton da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, ya karɓi babban bel na WWE. Wata guda bayan nan, a babban taron WrestleMania na birnin New York, aka nuno shi rungume da amininsa Chris Benoit, kowanne da bel ɗinsa, suna hawaye, takardu masu ƙyalli na zubo musu daga sama. Na tabbata da yawanku kun ga wannan hoton a waya.

Ranar 13 ga Nuwamba 2005 ɗan yayansa ya same shi a faɗe a ɗakin otal a Minneapolis. Shekararsa 38. Binciken gawa ya nuna zuciya ce ta tsaya, hanyoyin jininta sun lalace. Mutumin da 'yan'uwansa suka shaida ya shekara huɗu bai koma ga abin da ya bari ba! Shi ya bari, amma ɓarnar da aka yi wa zuciya ba ta bar shi ba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Daga baya, a 2007, mujallar Sports Illustrated ta sa sunansa cikin 'yan kokawar da bayanai suka nuna sun karɓi irin magungunan ƙara ƙwanjin nan da kuke rububi a kai.

Aminin nasa kuwa, labarinsa ba ya faɗuwa da daɗi. A watan Yunin 2007 Benoit ya kashe matarsa da ɗansa mai shekara bakwai a gidansu da ke jihar Georgia, sannan ya rataye kansa. Shekararsa 40. Ban ce allura kaɗai ta jawo ba, don likitocin da suka duba ƙwaƙwalwarsa sun tarar ta lalace ƙwarai saboda yawan buguwar kai na shekara da shekaru. Amma ku dubi hoton nan na 2004 da kyau: shekara uku da 'yan watanni, duka biyun suna ƙasa.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Rick Rude, wanda yake tuɓe riga yana nuna ciki a murɗe, ya mutu a 1999 yana da shekara 40, zuciya. British Bulldog a 2002, shekara 39, zuciya. Ultimate Warrior, da muke ganin ko mota ba ta iya ture shi, ya faɗi a 2014 yana da 54, kwana ɗaya bayan ya fito a talabijin, shi ma zuciya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shi kansa Hulk Hogan da ya yi shekaru yana ce wa yaran Amurka su yi addu'a su sha bitamin, a 1994 ya tsaya gaban kotu ya yi rantsuwa ya amsa cewa ya shekara goma sha wani abu yana amfani da sitiroyid, wato irin maganin ƙara ƙwanjin nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shi dai Allah ya ja kwanansa har 2025, amma ya ƙarasa rayuwarsa ne daga wannan tiyata zuwa waccan, baya da gwiwoyi da ƙugu.

Yanzu ku gaya mini. Waɗannan mutane ne masu daloli, masu likitoci, masu cin nama da ƙwai yadda suka ga dama, kuma aƙalla su sana'a suke yi, ana biyansu. Duk da haka ga yadda ta kaya. Kai fa? Da garau-garau ka karya, da rana ka sha rake, da dare ka je a tsira maka allurar da ba ka iya karanta rubutun kwalinta, ba ka san ko ta gaske ce ko jabu ba, ba ka san ko ta lalace a rana ba. Wa zai biya ka? Wane bel za a ɗaura maka? Don dai ka tuɓe riga a TikTok 'yan mata su danna maka alamar zuciya. Zuciyar waya kake tarawa kana kashe ta ƙirjinka.

Wannan allura ba ƙwanji kaɗai take kumburawa ba. Zuciya ma tsoka ce, ita ma tana kauri har ta kasa harba jini yadda ya kamata. Jini yana hawa, hanta tana wahala. Ga abin da mai kemis ba zai taɓa gaya maka ba: idan jiki ya ga ana zuba masa sinadarin mazakuta daga waje, sai ya daina yin nasa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani ma nono ya fito masa. Ka je neman a ce maka namiji, ka dawo kana yawon asibiti da amarya ana neman haihuwa, dangi suna ɗora mata laifi, baiwar Allah. Ga saurin fushi, ga ƙuraje a baya. Su kuma marasa kuɗin allura sai su koma wa sha-ka-fashe, wanda ba ya ƙara ƙarfi ko na sisin kwabo, fuska kawai yake kumburawa ya tara ruwa da kitse, ya jawo ciwon suga, ya cinye ƙashi. Sai a ce wane ya yi ƙiba, ya samu kwanciyar hankali. Ina fa! Wasu kuma tiramadol suke haɗiya kafin su ɗaga ƙarfe wai don kada su ji gajiya, har sai ranar da farfaɗiya ta kayar da mutum da ƙarfe a hannu. Jiki magayi ne ai, ciwo saƙo ne, kun toshe masa baki da ƙwaya.

Masu kemis kuma, ku ji tsoron Allah. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, muna ganin NDLEA tana ta kame, amma ƙarƙashin kantar wasunku ya fi saman cika. Kana sahun gaba a masallaci, kana sayar wa ɗan maƙwabcinka ajalinsa. Da naka ɗan ne ya zo da hoton, za ka ɗauko kwalin? Kuma kuɗin allurar ma daga ina? Yaron da ba ya iya saya wa mahaifiyarsa sabulu, rabin abin da ya samu ya tafi cacar ƙwallo a waya, rabi ya tafi kemis, wando a ƙasan ɗuwawu, aski kamar an yi gobara a gefe guda. Ka gaishe shi ma sai ya ɗaga maka gira. Wannan maganar wata rana ce.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin da kuke kashe kanku a kai wasa ne shiryayye. Tun 1989 kamfanin resilin na WWF da kansa ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey cewa nishaɗi yake sayarwa, ba gasa ba. An san wanda zai ci tun kafin a buga ƙararrawa. Faɗuwar gaskiya ce, karayar gaskiya ce, mutuwar gaskiya ce, amma nasarar rubuta ta aka yi. Su da kansu suna sa sanarwa cewa kada a gwada a gida, ga ƙannenku can suna dirowa daga kan katanga a bayan juna.

Kamar ba mu da kokawa tamu! Da can in kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai a share fili a ƙofar gari, makaɗa su saki ganga, samari su ɗaura walki su fito. Jikin da za ka gani a filin nan garma ce ta gina shi, da jan guga, da dakon dami, da fura da nono da tuwon dawa. Wanda aka kayar ya tashi ya kaɗe ƙasa, a yi dariya, gobe a haɗu a kasuwa. Kuma ba a yi maka kirari don faɗin ƙirji, sai ka kai wani ƙasa a gaban jama'a. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ku leƙa Nijar ku gani, su ba su yar da nasu ba. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ake haɗa 'yan kokawar jihohin ƙasar, gari ya tsaya cak ana sauraron rediyo. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobin nan har sau shida. Ban ce 'yan kokawar gargajiya waliyyai ba ne, akwai layu da guraye da abubuwan da malamai suka daɗe suna magana a kai, amma ka sa ɗaya daga cikin 'yan allurar nan a gaban ɗayansu ka ga ko zai kai minti guda a tsaye.

Ban hana ku motsa jiki ba, mumini mai ƙarfi ai an yabe shi. Ku ɗaga ƙarfenku, ku yi gudu, ku ci abin da Allah ya hore, ku yi barci da wuri, jiki zai zo daidai gwargwadon halittarsa. Sauri ya haifi nawa. Iyaye su sa ido, malamai su taɓo maganar a huɗuba, hukuma ta yi abin da ya dace. Wanda kuma ya riga ya fara, ya nemi likita na gaske, kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki.

Amma wa zai sa idon? Da, dattijo ɗaya a bakin layi ya isa ya tsawata wa yaran unguwa gaba ɗaya, ka koma gida da ƙorafi a ƙara maka da wani dukan. Yau ka yi wa ɗan wani magana, uban ne zai zo har ƙofar gidanka ya tambaye ka ko kai ke ciyar da shi. Dattawan sun ja bakinsu sun yi shiru, majalisa ta koma ta siyasa da farashin buhun masara. Filin da ake kokawa a garinmu tuni aka yanka shi fuloti-fuloti aka sayar, makaɗin garin ya rasu, ɗansa yana tuƙa adaidaita sahu a birni.