Dalar azurfa ta 1799 da aka ƙera bara

Dala 850 na biya. Kwana nawa zan yi ina zaga titunan Bronx da tasi kafin in tara wannan kuɗi, Allah kaɗai ya sani. Abin da aka aiko mini kuwa ko liyarin da kakata ke ratayawa a wuya ya fi shi daraja sau dubu, don nata azurfa ce ta gaskiya.

Wancan liyari shi ya jefa ni cikin tara tsoffin sulalla tun ina yaro. Da na zo Amurka sai idona ya faɗa kan dalolin azurfarsu na farko, waɗanda aka fara bugawa a Filadelfiya a 1794. Ta 1794 ba ta talaka ba ce, guda 1,758 kacal aka fitar, an kuma sayar da ɗaya kan sama da dala miliyan 10 a 2013. Ni ta 1799 nake buri, mai hoton mace a gaba da gaggafa a baya, wadda ta sha hannu har ta lashe. Sai ga ta a wata babbar kasuwar intanet, hoto tangaran, da ɗan karce kusa da tauraro na uku. Mai ita ya ce gado ya ci. Har da cika baki wai in gwada ta da maganaɗisu.

Na gwada, bai kama ta ba. Ashe wannan gwaji wautar kaina ce, maganaɗisu baƙin ƙarfe yake kamawa, ba ruwansa da tagulla ko gaci da aka shafa wa ruwan azurfa. Ɓarayin nan sun san haka sarai, shi ya sa suke tura ka can.

Gefenta ne ya fara tsinka mini zuciya. Dalolin wancan zamani rubutu ake dannawa a gefensu, mai cewa santi ɗari, dala ɗaya. Tawa layi-layi ne kamar kwata, sulen santi 25, da nake ba fasinja canji. Karcen nan na hoto kuma babu shi. Na kai wa wani dattijo mai shagon tsoffin kuɗi. Ya ɗora ta a sikeli, giram 24 da ɗoriya. Ta gaskiya giram 26.96 take fitowa daga maƙera, ko ta shekara ɗari biyu tana yawo ba za ta zubar da sama da giram biyu ba. Ya ɗora ta a kan yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa. Azurfa amo take yi mai tsawo, wannan "kwas" ta ce ta yi shiru. Ya miƙo mini madubinsa, na ga ƙuraje ƙanana a tsakanin haruffa, alamar zubi ko hatimin da aka kwafa daga wata. Ya ce ta asali wani lokaci za ka ga sawun zarto a fuskarta, don a lokacin da hannu ake goge wadda ta yi nauyi kafin a buga ta, kuma kowane hatimi da aka yi aiki da shi masana sun lissafa shi a littafi, da tsagunsa da inda kowane tauraro ya zauna. Tawa ba ta dace da ko ɗaya ba.

To, ɓarawo ya yi halinsa. Masu kasuwar su suka fi ƙona mini rai. Sun ci kamasho a cikin kuɗina, amma da na kai kuka sai na'ura ke amsa mini. Kwana huɗu kafin in samu ɗan Adam. Wata mata ce, ta ce in kawo shaida. Na tura hoton sikeli, na tura hoton gefe. Wai ba su karɓar wannan, sai takardar ƙwararru. Wato in sake biyan kuɗi in aika wa kamfanonin tantance sulalla irin su PCGS ko NGC, in jira makonni, alhali wa'adin mayar da kaya yana ƙarewa. Mai sayarwa fa? Shi ba a nemi ko tsinke daga hannunsa ba kafin ya kafa hajarsa. Haba jama'a! Wanda aka cuta shi zai yi ta kawo hujja, macuci na kwance yana lissafin riba?

Kuma ƙasar nan tana da doka tun 1973 da ta wajabta a buga kalmar COPY a jikin duk sulen kwaikwayo. Na juya tawa ta kowane ɓangare, babu. Na karanta wa matar nan dokar a waya, ta ce ta fahimci damuwata. Ban kira don a fahimce ni ba, baiwar Allah, kuɗina nake so.

Daren jiya na sake leƙawa. Tallar na nan daram, hoto ɗaya, karce ɗaya kusa da tauraro na uku, labarin gado ɗaya. A ƙasa an rubuta wai saura guda uku.