Sa AC a 16 ba ya sa ɗaki ya yi sanyi da wuri

Mutanenmu da yawa a nan Agege da Mile 12 da sun shigo da gumi sai su danna rimot zuwa 16, wai don sanyi ya zo da sauri. Wallahi ba haka abin yake ba. Lambar nan umarni ce kawai ga kwamfireso, wato injin da ke samar da sanyin, kan inda zai tsaya ya huta, a zafin Legas kuwa da wuya ɗaki ya kai 16, shi ya sa yake ta aiki ba hutu, yunit ɗin mita na ta zuƙewa, balle in kana Band A, rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada.

Ka bar shi a 24, ka haɗa da fanka. Filta kuma a ciro ta duk sati biyu a wanke a shanya, in ƙura ta toshe ta iska ba ta wucewa sosai.