Maganin ciwon kansa na nano ba na'urar leƙen asiri ba ne

A motar Kawo na ji wata baiwar Allah tana cewa maganin kansa na nano (wato mai ƙwayoyin da ido ba ya iya gani saboda ƙanƙanta) ƙananan na'urori ne da ake zuba wa mutum a jini don a riƙa bibiyarsa. Abin ya dame ni, domin irin wannan tsoro yana hana mara lafiya zuwa asibiti.

Babu batir ko waya a cikinsu. Wasu daga cikinsu ƙwayoyin polima ne, irin sinadarin da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da shi. Faɗinsu kimanin nanomita 100, alhali kaurin silin gashi ya kai nanomita 80,000. Suna ɗauke da magani, wasu kuma haɗe da sinadarin da ke haska ƙarin kansa a hoton cikin jiki na MRI, su saki maganin sannu a hankali, jiki ya narkar da su. Wannan haɗa gano cutar da magani a ƙwaya ɗaya kuwa har yanzu ana kan gwajinsa ne.