Harshen Damo

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Na nemi izinin mai labarin, ya ce in faɗa amma in sakaya sunansa.

Akwai wani matashi da ya fara zuwa karatun da muke yi bayan isha a wani zaure nan Gangare. Cikin Disamba ne, irin sanyin Jos ɗin nan da ruwan alwala ke cizon yatsu, shi ya sa ban kawo komai a raina ba da nake ganinsa kullum da takunkumi a fuska, hular sanyi ta rufe kunnuwa. To sanyi ya wuce, aka shiga Maris, kowa ya tuɓe rigar sanyi, shi takunkuminsa na nan daram. Ran nan yana biya mini Fatiha, ya zo "ihdinas siraɗal mustaƙim", sai na ji sadin, wato harafin farkon "siraɗal", tana fita da wani ɗan fito, kamar iska na tsiyaya ta wata kafa. Na ce, "Samari, sauke abin nan in ga inda kake ɗora harshenka." Ya sunkuyar da kai. Sai da kowa ya watse ya matso ya ce, "Malam, don Allah kada ka tsorata."

Harshensa a tsage yake gida biyu daga tsini, tsawon kamar gaɓar yatsa, kowane ɓari yana iya motsi shi kaɗai. Ya warke sarai, ba jini ba ƙurji. Ya cire hular: fatar kunnuwansa na reto da hudar da babban yatsa zai shige, ga zanen tatu ya taso daga wuya ya hau bayan kunne. Ban san lokacin da salati ya kuɓuce mini ba.

A ƙasar waje ya yi, inda aka tura shi karatu. Ba asibiti ba, ɗakin wani mai zanen jiki ne. Abokai suka ɗauki bidiyo, aka sa a intanet, aka yi ta zuga shi ana cewa namiji. Ya ce kwanakin farko ko kunu bai iya haɗiya da daɗi, yawu na dalala, harshe ya kumbura ya cika baki, a zaune yake barci don tsoron numfashi ya sarƙe. Waɗanda suka zuga shi kuwa kowa ya kama gabansa.

Hukuncin wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. A Suratun Nisa'i aya ta 119 Allah Ya ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya ci a kan 'yan Adam: zai umarce su su tsattsage kunnuwan dabbobi, zai umarce su su canza halittar Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa Allah Ya la'anci masu yin jarfa da masu neman a yi musu, da masu fige gashin gira, da masu goge haƙora su buɗe wushirya don ƙawa, masu canza halittar Allah. Duk wanda ya zauna gaban malami ya biya Risala ya wuce ta wurin da aka hana ƙarin gashi da jarfa. Kai, jaki ma, da Annabi (SAW) ya wuce ya ga an yi masa lalas a fuska, sai ya la'anci wanda ya yi, kamar yadda ya zo a Muslim. Idan fuskar jaki na da wannan alfarma, ina ga harshen da ke faɗin la'ilaha illallah?

Ku duba darajar tsokar nan da ba ta da ƙashi. Shari'a ta sanya diyyar harshe cikakkiya, daidai da diyyar rai, raƙuma 100. Malaman tajwidi suka ƙidaya mafitar haruffa 17, guda 10 a cikinsu a kan harshe suke, suna fitar da haruffa 18. Tsinin harshen kaɗai, daidai wurin da aska ke bi, shi ke ɗauke da haruffa 11: nun da ra, ɗa da dal da ta, sad da sin da zayi, da ukun nan da ake ɗora tsinin harshe a bakin haƙoran sama. Wasu da suka yi tsagar maganarsu kan dawo kusan yadda take bayan sun warke, wasu kuma tsamin baki ya zauna musu. Ba wanda ake ba tabbaci kafin a yanka. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan ɓallewar jini, domin harshe cike yake da jijiyoyi, da shigar ƙwayoyin cuta, da kumburin da kan toshe hanyar numfashi. Ingila ma, inda muke ganin kowa da 'yancin jikinsa, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2018 cewa amincewar mutum ba ta halatta wa mai zanen jiki ya tsaga masa harshe ba, kuma a 2019 aka ɗaure mai sana'ar da aka yi shari'ar a kansa wata 40.

Kada wani ya ce to ai an hana taɓa jiki ke nan gaba ɗaya. A'a. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ɗinke leɓen jaririn da aka haifa a tsage, ko gyaran fuskar da ake yi wa yara a asibitin ciwon noma (ciwon nan da ke cinye naman fuska) na Sakkwato, wannan mayar da halitta ne inda take, ibada ce ma ga mai yi.

Ƙannena matasa, maza da mata, ku ji abin da ba a sawa a bidiyo. Yaron nan ya dawo gida da takardar karatunsa, amma ya bar zancen aikin soja da ya daɗe yana buri, don sharaɗin ɗauka ya hana mai zane a jiki. A shingen bincike, da an haska wuyansa da tocila sai a ce ya sauko. Ya je neman aure, magana ta yi nisa, ƙanin yarinyar ya tono tsohon bidiyon nan ya nuna wa mahaifinsu, aka dawo masa da kayansa. Mahaifiyarsa, in ji shi, har yau in yana cin abinci a gabanta sai ta kau da kai. Yayi kwana nawa yake yi? Amma hudar kunnen da aka faɗaɗa har haka ba ta komawa sai da ɗinki. Goge tatu da na'urar haske sai an yi ta zarya, ga kuɗi, kuma a baƙar fata irin tamu yakan bar tabo. Harshen ana iya haɗe shi, amma sai an sake yanka gefen da ya warke kafin a ɗinke. Da-na-sani ƙeya ce.

Wannan nasihar wanda bai yi ba ke nan. Wadda ta sa na ɗauki waya nake rubutu kuwa tamu ce, mu da muke sahun gaba.

Labari ya fita a unguwa. Aka ce ɗan ƙungiyar asiri ne. Aka ce ɗan sara-suka ne ya zo ɓuya a masallaci. Wata ta rantse wai da dare yakan rikiɗa. Na ga dattijo da idona ya janye ƙafarsa a sahu don kada ta taɓa tasa, aka bar wa Shaiɗan kafa a tsakaninsu. Yara suna binsa suna cewa ya fito musu da harshe.

Ta ina labarin ya fita? Ta bakina. Washegarin ranar da ya buɗe mini baki, ina teburin mai shayi, hira ta yi daɗi, na ce, "Ku kuwa kun san abin da na gani jiya?" Har da kwatantawa da yatsu biyu, aka yi ta dariya. Da dare ya zo karatu na tarbe shi da fara'a, ina "sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi albarka." Kwana biyu ina shirya darasi na ci karo da hadisin Ammaru ɗan Yasir a Sunan Abu Dawuda: wanda ya kasance mai fuska biyu a duniya, ranar alƙiyama zai kasance da harsuna biyu na wuta. Wallahi littafin sai da ya yi mini nauyi a hannu. Bahaushe in magana ta tafi gida biyu sai ya ce ta yi harshen damo. Shi nasa aska ta tsaga sau ɗaya, ya tuba, yana ɓoyewa don kunya. Nawa ba wanda ya tsaga, amma da safe ya faɗi ɗaya da dare ya faɗi wata. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen nasa.

Kuma a ce wa ke wannan magana? Ni da billena a kunci, wanda wanzami ya yi mini ina ɗan kwana bakwai. Dattijon da ya janye ƙafa, zube ne reras a fuskarsa. Ba laifinmu ba ne, jariri ba shi da alhaki, Allah Ya gafarta wa iyayenmu, al'ada suka tarar. Yanzu ma doka ta shigo ciki: Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, sashe na 24, ta hana yi wa yaro tsaga ko tatu. Amma dai mun san mutum na iya rayuwa da alamar da ba ya iya gogewa, ya yi limanci, ya yi hajji, ba wanda ya ce uffan. Sannan a gidajenmu nawa ne man bilicin ke kan madubi, an fige gira an zana wata, mun yi shiru don ido ya saba?

Malamai ba su rufe wa irinsa ƙofa ba. Imamu Nawawi a sharhin Muslim ya ce in cire jarfa zai jawo cuta ko mummunan tabo a gaɓar da ke bayyane, cirewar ba ta wajaba, kuma in ya tuba ba sauran zunubi a kansa. A mazhabarmu, Nafrawi mai sharhin Risala ya ce ba a ɗora wa mai jarfa ƙone ta da wuta, abin rangwame ne, sallarsa ta inganta. To mu wa ya ba mu makullin? A Bukhari akwai sahabin nan Abdullahi da ake wa laƙabi da Himar, wanda aka sha kawowa saboda giya. Wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya ce kada ku la'ance shi, yana son Allah da ManzonSa. Tsinuwar da ta zo a hadisin jarfa a kan aikin take da masu yinsa a dunƙule, ba lasisi ba ne na nuna wane da yatsa, balle wanda ya riga ya dawo. In muka kore shi daga sahu, waɗanda suka zuga shi da farko suna nan, kuma su ba sa janye ƙafa.

Na same shi na faɗa masa ni ne na fasa ƙwan. Ya daɗe bai ce komai ba, yana murza bakin tabarma. Can ya ce, "Na sani, Malam. Kai kaɗai na nuna wa." Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe. Sannan ya yi mini tambayar da ta fi damunsa: in sadinsa ba ta fita daidai, sallarsa fa? Na ce iyakar iyawarka aka ɗora maka, na karanta masa hadisin Nana A'isha, cewa mai karanta Alƙur'ani yana cije-cije yana shan wuya lada biyu gare shi. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

Yana tara kuɗin ganin likitan baki a ji ko haɗewar za ta yiwu ba tare da wata cutar ba. Kafin nan ya gano in ya matse ɓarin biyu ya danna su bayan haƙoran ƙasa, fiton yana raguwa. Mun kai Suratul Asri, ita ma ga sadi har a ayar farko. Jiya ya zo ba takunkumi, ya zauna can ƙurya kusa da fitila, muka yi ta "wal asri" har mai shayin bakin layi ya kashe wuta.