Tsargiya na dakushe garkuwar jikin yaranmu, mu daina raina ta

Duk wanda ya taso kusa da dam ko filin noman rani, irin su Kadawa a Kano ko Bakolori a Zamfara, ya saba ganin yaro na fitsarin jini, wasu iyayen ma cewa suke ai alamar balaga ce. Tsargiya ce wallahi. Tsutsarta daga katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fatar yaro yana tsaka da wanka, ta shige jijiyoyin jini ta yi zamanta shekara da shekaru jiki ya kasa korar ta.

To ya akai ta gagari garkuwar jiki? Lulluɓe kanta take da sinadaran jinin mai ita, sai jiki ya ɗauka 'yar gida ce, sannan ta sa ya riƙa fitar da wani sinadari da likitoci ke kira IL-10, wanda aikinsa shi ne ya kwantar da garkuwar kar ta tashi faɗa. A shekarar 2000 wani bincike a Gabon ya gano yara masu tsargiya ba su cika nuna alaji (wato borin jini ko ƙaiƙayi) ga ƙwarin ƙurar ɗaki ba kamar sauran. Irin wannan ne ya sa wasu a Turai da Amurka suka fara cewa tsutsa magani ce, har aka gwada ba masu ciwon hanji na Crohn ƙwan tsutsar alade su sha, amma manyan gwaje-gwajen ba su nuna wani amfani ba.

Ni abin da ke damuna shi ne garkuwar da aka lallaɓa ta yi sanyi ba tsutsar kaɗai take ƙyalewa ba, har allurar rigakafi ba lallai ta kama yadda ya kamata ba. A Habasha an ga waɗanda aka fara ba maganin tsutsar ciki kafin allurar BCG ta tarin fuka jikinsu ya fi amsa ta. Mu kuma muna ta kashe kuɗi kan rigakafi a jikin yaran da ke cike da tsutsa, alhali Najeriya ce kan gaba a yawan masu tsargiya a duniya.

Maganin tsargiya mai suna praziquantel kyauta ake rabawa, amma yawanci a makarantun boko, kenan almajiri da yaron da ke bin shanu da yarinya mai talla, waɗanda su ne ma suka fi shiga ruwan, sai a tsallake su. Ma'aikatan lafiya da ke bin gida-gida don rigakafi su riƙa tafiya da shi, a kai shi tsangaya da ruga da bakin dam.